Daga Gaya Zuwa Gafasa, Kansa a Cinyata

Da sunan Allah nake farawa, shi ke saukar da ciwo, shi ke ɗauke shi in ya so. Na ce a rubuta wannan yadda ya fito daga bakina, don duk wadda ta ga ƙafar ɗanta ta kumbura ta san abin da na gani, ta kuma san irin shawarar da ke jiran mutum a ƙarshe in ciwo ya ƙi jin magani.

Ni mutuniyar Gafasa ce, a ƙasar Ajingi. Mijina ya daɗe da rasuwa, ya bar min maza biyu. Ƙaramin, Isiyaku, yana birni yana tuƙa adaidaita. Babban shi ne ɗan farina, shi ya riƙe gida da gona. Ba za ku ji sunansa a bakina ba, don ban taɓa faɗarsa ba. Haka aka raine mu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tsoma baki a maganarsa. Da aka yaye shi ɗakin kakarsa aka kai shi, can ya girma. Sai da ya auri Sahura, 'yar garin Balan, suka haifi Indo, sannan na samu abin kiransa. Baban Indo nake cewa.

Ciwon da damina ya fara, ana tsakiyar noma. Da farko takalminsa na danƙo ne ya ƙi shiga ƙafa. Ya yi dariya, ya ce takalmin ne ya tsufa. Bayan nan sai ya riƙa tashi da safe fuska a cike, idanu kamar wanda ya kwana yana kuka, in rana ta ɗaga sai ta saɓe. Ya daɗe da wata al'ada, duk ranar kasuwar Ajingi sai ya sayo ƙwayoyin ciwon jiki a wajen mai tebur, ya haɗiya da koko kafin ya ɗauki fartanya. Duk manoman garinmu haka suke yi, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Ana nan, ana nan, Sahura ta zo ɗakina tana murza bakin zane, ta ce, "Inna, fitsarinsa ya ragu, kuma kumfa yake yi. Abinci ma in ya ci sai ya dawo."

Nan masu shawara suka taso. Baffa Sule, ƙanin mijina, ya ce ciwon shawara ne, a nemo saiwa. Wata tsohuwa a maƙota ta ce sammu ya taka a kan iyakar gona. Wani ya ce basir ne ya hau sama. Kowa ya zo da jarkarsa, kowa ya rantse nasa ya warkar da wane. Ya sha jiƙo mai ɗaci, ya sha mai bauri, ya yi turare, ya yi wanka da sassaƙe. Ban ce masu kawowa mugunta suka nufa ba, Allah ya saka musu da niyyarsu. Amma makonni suka tafi a haka, kumburi ya bar ƙafa ya hau cinya, ya hau ciki, har ya zamana in ka danna ƙaurinsa da yatsa sai rami ya zauna.

Ranar da ya kasa kaiwa masallacin ƙofar gida, ranar aka ɗauke shi zuwa asibiti a Gaya. Suka ɗaura masa abin awo a hannu, ma'aikacin ya duba, ya sake dubawa, ya ce jininsa ya hau, kuma ya daɗe da hawa. Suka ɗebi jini da fitsari. Da sakamako ya fito suka ce ƙoda ce, a wuce Kano, kada a tsaya.

Bisa al'ada ba ni ya kamata in bi su ba. Amma Sahura tana da goyo, jariri ko zama bai fara ba, sai na ce zan je in riƙe mata yaro. Da wannan sunan na shiga mota. Kowa ya san ba yaron na bi ba, kowa ya yi shiru, Allah ya yi musu albarka.

Asibitin birni gari ne guda. Layin kati daban, layin biya daban, layin gwaji daban, kuma duk inda ka kai gaba sai a ce ka koma baya ka kawo wata takarda. Isiyaku ya ajiye adaidaitarsa ya zama ɗan aike. Mu mata muka shimfiɗa tabarma a baranda tare da sauran masu jinya, nan muke ci, nan muke salla. Suka ce sai an yi masa wankin ƙoda. Suka huda masa wuya suka sa roba, suka jona shi da inji, jininsa ya fita ta nan ya dawo ta can. Injinan kaɗan ne, masu jira da yawa. Wata rana ka biya, ka jira tun safe, a ce inji ya lalace. Wata ma'aikaciya ta taɓa daka min tsawa don na tsaya a bakin ƙofa, ni da na haifi sa'ar uwarta. Amma a ɗakin nan akwai wata kuma, doguwa, da take zuwa ta gyara masa matashi ta ce, "Sannu Baba, yau ka fi jiya." Akwai wata Bafulatana mai jinyar mijinta da ta raba ruwan zafinta da mu tun daga ranar farko. Akwai samarin tashar su Isiyaku da suka zo suka ba da jini ba su san fuskarsa ba. Ban manta da ko ɗaya ba.

Bayan wankin farko ya tashi kamar ba shi ba. Ya sha kunu, ya tambayi labarin gyaɗarsa. Muka ce Allah ya kawo sauƙi. Kafin mako ya zagayo kumburi ya dawo, ga ƙaiƙayi, ga shaƙuwa da ba ta tsayawa. Aka sake wanki. Tumaki suka tafi. Aka sake, bijiman huɗa suka tafi, su da ya raina tun suna maruƙa. Aka sake, aka jinginar da fadama. Mutanen masallacin Gafasa suka haɗa abin da suka haɗa suka aiko. Duk abin da ya shigo, inji ya shanye, mako ya zagayo ya ce a ƙaro.

Likitar da ke duba shi yarinya ce, amma ba ta da ɓoye-ɓoye. Na tare ta a hanya na ce, "'Yata, wanki nawa ya rage ya warke?" Ta tsaya, ta riƙe hannuna, ta ce, "Iya, wannan wanki ba ya warkarwa. Riƙewa yake yi." Ta ce ƙodar duka biyu sun riga sun gaji, hawan jinin da ba a sani ba da ƙwayoyin nan da jiƙe-jiƙen duk sun ƙara mata nauyi, kuma yanzu zuciyarsa ma ba ta ɗaukar injin kamar da. Maganar nan har yau tana kunnena.

A cikin makonnin nan ne mijin Bafulatanar ya cika. Daga nesa suka zo, ba su da kuɗin mayar da shi. Mutanen masallacin asibiti, Allah ya biya su, suka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi da waɗanda suka samu, aka kai shi maƙabartar birni. Matar ta naɗe tabarmarta, ta zuba kayansa a bokiti, ta yi mana sallama. Ta ce min, "Ko sunan unguwar da aka kai shi ban riƙe ba." Baban Indo yana kwance a gadon kusa, duk a kan idonsa aka yi.

Da na shiga ɗauko kwanon kunu, sai ya kira ni. Bai kalle ni ba, bango yake kallo, ni ma kwanon nake kallo. Ya ce, "Inna." Na ce, "Ina ji." Ya ce, "A kai ni gida. Kada a bar ni a garin nan. Kuma kada a taɓa gonar tudu, ta yaran nan ce."

Na ɗauki kwano na fita.

Washegari Baffa Sule ya zo daga Gafasa. Suka zauna da Isiyaku a gindin dalbejiya a bayan ɗakin marasa lafiya, ni ina gefe da jariri a hannu, kamar ba na ji. Isiyaku ya ce a sayar da gonar tudu a ci gaba da wanki, ya ji labarin wani da ya shekara a kan inji. Baffa ya ce a sayar ɗin, amma a yi magana ta gaskiya tun yanzu: in ta Allah ta kasance a nan, a nan za a binne shi. Ya riga ya tambaya. Wanka da likkafani akwai masu yi saboda Allah, abin da za a biya na masu haƙa ne da na tukwanen rufin kabari, ba shi da yawa. Motar ɗaukar gawa kuwa zuwa Gafasa, abin da suka faɗa masa ya kusa kuɗin wanki guda, kuma in da yamma abin ya faru sai an kwana, a biya na ɗakin ajiye gawa. Ya ce, "Ƙasa duk ta Allah ce. Gawa ba a ja mata rai."

Gaskiya ya faɗa, ban ce ƙarya ya yi ba. Amma na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Akwai hanya ta uku. A ɗauke shi da ransa."

Baffa ya juyo. Tun ina amarya muke wasa da shi, har na tsufa bai daina ce min amaryarmu ba. Ya ce, "Ikon Allah! Yau amaryarmu ce da magana a kan ɗan fari? Ashe dai ana so, ɓoyewa ake yi."

Na ce, "Sule, yau ba ranar wasa ba ce. Shi ya roƙa, ni ya roƙa. Shatar mota da mai rai ba ta kai rabin ta gawa ba. A gida likkafani na kanti, kabari na samari, itace na daji. Gona ta zauna wa marayu."

Da na ce marayu, Isiyaku ya miƙe tsaye. Idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Inna, yana numfashi kike ce musu marayu? Kin yanke masa ƙauna ke nan?"

Na ce, "Ban yanke ƙauna daga Allah ba. Daga inji na yanke. In ka sayar da gonar nan, sati nawa za ta saya masa? In ta ƙare me za ka sayar? Ka shiga ka tambaye shi da kanka."

Ya shiga. Ya jima bai fito ba. Da ya fito bai kalle ni ba, ya wuce wajen likita ya sa hannu cewa mu muka ɗauke shi da kanmu. Likitar ba ta yi mana faɗa ba. Ta rubuta abin da zai rage masa wahala, ta ce, "Ku tafi da wuri."

Samun mota ma ya zama aiki. Direba ya zo, ya leƙa, ya ga jikin, ya ce yana da uzuri. Wani ya zo, shi ma haka. Na ƙarshe wani mai bas ne da ke jigilar Ajingi, mai ɗan gemu. Ya yarda, amma ya tsaya a gabanmu ya ce, "Ku ji, don kada a yi rigima a hanya. Marar lafiya nake ɗauka, ba gawa ba. Motar nan ba tawa ba ce. In mai ita ya ji na ɗauko gawa makulli zai karɓa, fasinja ma in suka ji a tasha ba mai shiga. In ta Allah ta kasance, garin da muke nan zan sauke ku, ku nemi ta gawa." Baffa ya ce an ji. Mu da kuɗin shatar nan ma da ƙyar aka haɗa shi.

Aka kwantar da shi a kujerar tsakiya. Baffa da Isiyaku suka shiga gaba. Sahura ta zauna a baya da jariri da kayan jinya, don yaron yana ta kukan nono. Ya rage wanda zai riƙe kansa saboda gargadar hanya. Ba kowa sai ni. Na zauna, aka ɗora min kansa a cinya. Rabon da kan nan ya hau cinyata tun ranar da aka yaye shi. Ga furfura ta fara fito masa a gefen kunne, ban taɓa lura ba.

Muka baro birni da hantsi. Muka haye gadar Wudil, ya buɗe ido ya ce, "Ina muke?" Na ce, "Mun wuce Wudil." Ya lumshe ido. Numfashin ya riƙa ja yana tsayawa, yana ja yana tsayawa. Na sunkuya kamar mai gyara masa riga, ina karanta masa kalmar shahada a kunne, leɓensa yana motsi. Na waiga, Sahura gajiyar makonni ta kayar da ita, ta jingina da taga tana gyangyaɗi, yaro a ƙirji.

A Gaya direba ya tsaya shan mai. Masu talla suka kewaye mota, mai ƙosai, mai ruwan leda, ana ta hayaniya. A cikin hayaniyar nan ya ja numfashi guda, ya sake shi, ban ji wani ya biyo baya ba. Na jira. Na ɗora tafina a ƙirjinsa. Na jira. Hannunsa da ke riƙe da bakin zanena ya saki.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A zuci na faɗe ta, leɓena bai motsa ba.

Ga direba tsaye a bakin taga yana karɓar canji. In na yi ƙara ɗaya Sahura za ta farka, in ta farka duk gidan man sai ya ji, nan za a sauke mu a bakin titi, a garin da ba namu ba, aljihu babu komai. Na ja mayafina na rufa masa a fuska kamar ina kare shi daga rana. A ƙarƙashin mayafin na shafe idanunsa da babban yatsa, na tallafe haɓarsa da tafin hannu don kada baki ya sandare a buɗe. Isiyaku ya waigo ya ce, "Inna, in sayo masa ruwa?" Na ce, "Ku bar shi." Ya juya.

Shekara da shekaru ina koyon yadda zan ga yaron nan in ɗauke kai. Ya faɗi yana tatata ban ɗaga shi ba, aka yi masa kaciya ban leƙa ba, ranar aurensa ina ɗaki. Ban san ranar da abin zai yi min amfani ba sai ranar nan. Mota ta tashi, muka kama hanyar gida. Baffa yana hira da direba kan farashin taki. Duk ramin da muka faɗa sai kansa ya motsa a cinyata, in ƙara riƙewa. Hannuna ya mutu tun daga kafaɗa. Jikinsa yana hucewa ina ji ta cikin zane. Na kafa ido a kan gonaki, ga dawa ta fitar da kai, ga mata suna tsinkar wake, ina kallo kamar matafiyar da ba ta da damuwa. Hawaye in ya taso sai in haɗiye shi da salati.

Sai da mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, direba ya kashe ta, sannan na ce, "Sule, a kira liman. A faɗa wa samari su ɗauki diga."

Sahura ta farka da maganar. Ƙarar da ta yi ba zan iya faɗarta ba. Isiyaku ya zagayo ya ɗaga mayafi, ya durƙushe a wajen. Direba ya dafa mota ya ce, "Iya, tun yaushe?" Na ce, "Tun Gaya." Ya ce, "Da kin faɗa min..." Na ce, "Da ka sauke mu." Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Iya. Wataƙila." Na ba shi haƙuri, don na san na sa shi a abin da bai yarda da shi ba. Ya nemi buta ya yi alwala, ya tsaya har aka sallaci gawar, sannan ya tafi.

Kafin la'asar an gama komai. Farin alawayyo daga kantin bakin kasuwa aka yanko, tela ya ɗinka bai karɓi ko sisi ba. Ganyen magarya a bayan gida aka tsinko. Abokan nomansa su suka haƙa, su suka saro itacen rufi. Limamin da ya yi masa wanka shi ya koya masa alifun. Ina ɗaki ina jin kabbara daga ƙofar gida, sahu har bakin rijiya, aka ce min.

Da aka zauna makoki Baffa ya kawo maganar hayar rumfa da kujeru da buhun shinkafa, kada baƙin birni su raina mu. Na ce inuwar ɗorawa ta isa, tabarmin masallaci sun isa. Maƙota suka yi ta shigo da tuwo da ɗanwake har kwanuka suka rasa wurin ajiya. Ranar uku aka daka gumba da geron da ya noma da hannunsa, aka raba, aka yi addu'a, aka tashi. Ban hana mai hali ya yi abin da ya ga dama ba, amma gidan da jinya ta cinye kada a bar makoki ya ƙarasa shi.

Abin da nake roƙon mai karatu: in ƙafa ta kumbura, in fuska ta cika da safe, a je a auna jini tun mutum yana tafiya da ƙafarsa. A rage ƙwayoyin tebur. In an kai ga likita a tambaye shi gaskiya tun kafin a sayar da na sayarwa. Kuma a tambayi marar lafiya inda yake so a kai shi tun bakinsa yana magana, a yi shawarar da rana tsaka, kada kunya ta hana.

Abin da na yi bai tafi a banza ba, amma ban same shi kyauta ba. Isiyaku ya koma birni, ya daɗe in ya kira waya sai ya ce a gaishe ni. Sahura kuwa, ranar da aka share makoki ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Inna, ina bayanki. Hannu kawai za ki miƙo ki taɓa ni. Mijina ya tafi ina barci." Gaskiyarta ce. Duk tsawon takabarta gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ta ajiye min abinci, in ce an gode, ta juya.

Da ta fita takaba, ranar nan ta ɗauki Indo suka tafi gonar tudu ɗebo karan dawa. Hanyar gonar ta gefen maƙabarta ta bi. Da suka dawo ta sauke kaya, ta wanke hannu, ta damo fura ta kawo min. Maimakon ta juya, sai ta zauna a bakin tabarmata. Ta ce, "Wani dattijo ya nuna mana kabarin daga bakin shinge. Ta gabas yake, kusa da babansa. Daga hanya ana hango shi. Indo ta tsaya ta yi masa Ƙulhuwallahu."

Na ce, "Madalla."

Ta ɗauki ludayi ta miƙo min, na karɓa. Muka sha a ƙwarya ɗaya.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan mijin Bafulatanar nan a duk inda aka kwantar da shi, ya ba masu kwance lafiya, ya ba masu riƙe da su ƙarfin hannu.